Teku a Ƙarƙashin Ƙanƙara: Abin da Aka Gano a Yuropa da Enseladas, da Abin da Ba a Gano Ba Tukuna

Wata ranar Laraba a semestar da ta wuce, muna zaune a bakin lab muna jiran a buɗe mana mu shiga firaktikal, sai wani ɗan ajinmu ya miƙo mini wayarsa. Irin saƙon nan ne da ake ta turawa daga gurup zuwa gurup, da manyan baƙaƙe: wai hukumar NASA ta Amurka ta gano rayuwa a wani wata da ke kewaya duniyar Satun. Nan take aka rabu gida biyu. Wasu suka ce ƙaryar Turawa ce kawai, wasu suka ce ai dama an daɗe ana ɓoye mana. Ni dai na ja bakina na yi shiru, don a lokacin ban san komai a kai ba. Amma abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauki makonni ina bibiyar maganar a tsakanin aikin furojet ɗina, wanda shi ma a kan gwajin ruwan rijiyar burtsatse ne.

Abin da na fahimta daga ƙarshe shi ne, duka ɓangarorin biyu ba su faɗi daidai ba. Ba a gano rayuwa ba. Sai dai abin da aka gano ɗin ba ƙarami ba ne, kuma yawancinsa kimistiri ne irin wanda ake koya mana: wane gishiri ne a cikin ruwan nan, pH ɗinsa nawa, wace iska ce ta narke a ciki. Bambancin dai su samfurin nasu yana can nesa da ɗaruruwan miliyoyin kilomita.

Wane wata ake magana a kai?

Kafin mu yi nisa, idan na ce "watanni" a rubutun nan, ba Janairu da Fabrairu nake nufi ba. Ina nufin irin watan da muke gani a sama. Duniyarmu wata ɗaya gare ta, amma Jupita, wadda malaman falaki ke kira Mushtari, da Satun, wato Zuhal, kowacce tana da gommansu. Biyu ne daga ciki suka fi ɗaukar hankalin masana.

Na farko Yuropa, watan Jupita. Galileo Galilei ne ya hango shi da tabaronsa na hangen nesa a watan Janairun 1610, tare da wasu guda uku: Iyo, Ganimid da Kalisto. Faɗinsa kimanin kilomita 3,100, ya ɗan gaza watanmu kaɗan. Na biyu Enseladas, watan Satun, wanda William Herschel ya gano a 1789. Shi ɗan mitsitsi ne, faɗinsa kusan kilomita 500, bai ma kai tsawon titin Kano zuwa Maiduguri ba.

Dukansu ƙanƙara ce ta lulluɓe su. A Yuropa, wurin da ya fi ɗumi ma sanyinsa yana kai digiri 160 ƙasa da sifiri, a Enseladas kuwa wajen digiri 200 ƙasa da sifiri. Hasken ranar da ke isa Satun kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na wanda muke samu a nan. To ta yaya za a ce akwai ruwa a wuri irin wannan, ruwan da bai daskare ba?

Ina zafin yake fitowa?

Ka taɓa ɗaukar waya ta ƙarfe ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya kana so ka karya ta? In ka taɓa wurin da ake lanƙwasawar za ka ji ya yi zafi. Abin da ke faruwa da waɗannan watanni ke nan.

Yuropa yana kewaye Jupita sau ɗaya a kwana uku da rabi, kuma hanyar tasa ba da'ira ba ce cif. Wani lokaci yana matsowa kusa, wani lokaci yana ɗan yin nesa. In ya matso, ƙarfin jawowa na Jupita sai ya miƙe shi, in ya yi nesa sai ya saki. Haka ake ta matsa shi ana saki, dare da rana, shekaru aru-aru, kuma wannan murɗar ita ke haifar da zafi a cikinsa. Abin da ya hana hanyar tasa ta zama da'ira kuwa shi ne maƙwabtansa. Duk lokacin da Ganimid ya yi zagaye ɗaya, Yuropa ya yi biyu, Iyo ya yi huɗu, saboda haka suna haɗuwa a kai a kai suna fizgar juna. Enseladas ma haka abin yake tsakaninsa da wani wata mai suna Diyon: shi yana zagaye biyu, Diyon yana ɗaya.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta ruwa da muka saba da ita har ba ma lura. Ƙanƙara ba ta nutsewa, a sama take tsayawa, kamar yadda take yi a cikin kofin zoɓo. Don haka saman ne ke daskarewa ya zama murfi, murfin ya riƙe zafin da ke ƙasa. Gishiri da amoniya da suka narke a cikin ruwan su ma suna rage masa saurin daskarewa.

Yaya aka san akwai teku, tunda ba wanda ya gan shi?

Wannan ce tambayar da aka yi ta jefo wa mai wayar nan ya kasa amsawa. Amsar ta Yuropa, 'yan Elektirikal za su fi kowa jin daɗinta.

Kumbon Galileo na NASA ya yi ta kewaya Jupita daga 1995 zuwa 2003, ɗauke da na'urar auna maganaɗisu. Jupita tana da maganaɗisu mai ƙarfin gaske, kuma tana juyawa a ƙasa da awa goma, don haka maganaɗisun da ke ratsa Yuropa yana ta canzawa. Na'urar ta nuna cewa Yuropa yana mayar da martani da nasa ɗan maganaɗisun, mai juyawa daidai da na Jupita. Ƙa'idar taransifoma ke nan: in maganaɗisu mai canzawa ya ratsa abin da lantarki ke iya bi, sai lantarki ya gudana a ciki ya haifar da nasa maganaɗisun. Ƙanƙara ba ta ɗaukar lantarki yadda ya kamata. Ruwan gishiri kuwa yana ɗauka sosai, duk wanda ya taɓa tsoma mitar auna gudun lantarki a ruwan gishiri a lab ya san haka. Bayanin da ya fi dacewa da ma'aunin shi ne akwai teku mai gishiri da ya kewaye watan gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙanƙarar.

Ƙiyasin NASA shi ne kaurin ƙanƙarar kilomita 15 zuwa 25 ne, zurfin tekun kuma kilomita 60 zuwa 150. Mu kwatanta: wuri mafi zurfi a tekunan duniyarmu kilomita 11 ne kacal. In ƙiyasin ya yi daidai, ruwan Yuropa ya ninka na dukan tekunanmu kusan sau biyu.

Enseladas shi ya sauƙaƙa wa masana aiki. A 2005 kumbon Cassini, wanda aka harba a 1997 ya isa Satun a 2004, ya gano cewa akwai wasu dogayen tsagogi a kudancin watan da ke fesa tururi da ƙwayoyin ƙanƙara zuwa sararin samaniya. Wato tekun da kansa yake turo samfuri waje. A 2015 kuma aka auna yadda watan ke ɗan rangaji a kan hanyarsa, aka ga rangajin ya yi yawa ga abin da ke daskare tun daga sama har ƙasa. Dole murfin ƙanƙarar yana yawo ne a kan ruwa ta kowane ɓangare. A 2023 aka bayyana cewa tabaron James Webb ya auna feshin, ya ga tsawonsa ya haura kilomita 9,600, kuma ruwan da ke fita ya kai kimanin lita 300 a kowace daƙiƙa.

Me ke cikin ruwan?

Cassini ya yi ta ratsawa ta cikin feshin nan. Yana ɗauke da na'urori biyu da suka yi aikin. Ɗaya tana shaƙar iska ta ware sinadaran cikinta bisa nauyinsu. Ɗayar kuma tana barin ƙwayar ƙanƙara ta bugi wani faranti da gudu ta tarwatse, sai a auna lokacin da kowane ɓarɓashi ya ɗauka kafin ya isa ma'auni. Mai sauƙi yana riga mai nauyi isa, daga nan ake gane ko mene ne.

Masu nazarin halittu sun ce duk wani mai rai da muka sani yana buƙatar abu uku: ruwa, sinadaran gina jiki, da makamashi. Manyan sinadaran guda shida ne: kabon, haidurojin, naitirojin, oksijin, fosforas da salfa. Ga abin da aka samu a Enseladas.

An samu gishirin girki, wato sodiyam kuloraid. An kuma samu sodiyam kabonet da baikabonet, kuma a nan ne na yi dariya ni kaɗai, don waɗannan su ne manyan sinadaran kanwa, wadda iyayenmu mata ke sakawa a miyar kuka da wake. Masana sun ƙiyasta pH na tekun tsakanin 9 da 11. A taƙaice, tekun Enseladas ruwan kanwa ne, ya fi kama da tafkunan kanwa irin Magadi na Kenya fiye da tekun Atlantika.

An samu iskar kabon dayoksaid, da methen, da amoniya mai ɗauke da naitirojin. A 2018 aka bayyana samun manyan ƙwayoyin sinadarai masu ɗauke da kabon, irin waɗanda ake kira oganik. A nan ne mutane da yawa ke zamewa. Kalmar oganik a kimistiri ba ta nufin abin ya fito daga mai rai. Tana nufin sinadarin an gina shi a kan kabon ne kawai. Ana samun irinsu har a cikin duwatsun da ke faɗowa daga sama.

Wanda aka fi jin tsoron ba za a samu ba shi ne fosforas. Ba a gina DNA sai da shi, kuma shi ne harafin P ɗin nan na takin NPK. A watan Yunin 2023 wata tawaga ƙarƙashin Frank Postberg na Jamus ta wallafa a mujallar Nature cewa sun samu sodiyam fosfet a cikin ƙwayoyin ƙanƙarar da suka fito daga Enseladas, kuma yawansa a tekun ya ninka na tekunanmu aƙalla sau 100. Dalilin ma kimistiri ne mai sauƙi. A ruwan da ke da kalshiyam da yawa, kalshiyam ɗin yana kama fosfet ya mai da shi dutse ya kwanta. A ruwan kanwa kuwa kabonet ne ke riga kama kalshiyam ɗin, sai fosfet ya zauna a narke. Abin lura, Cassini ya daina aiki tun 2017. Tsofaffin bayanansa aka zauna aka sake tacewa, tare da gwaje-gwajen kwatance a lab, har aka kai ga wannan sakamako.

Abinci a wurin da babu rana

Saura makamashi. A nan duniya kusan komai a kan rana ya dogara: ciyawa ta sha haske, akuya ta ci ciyawa, mu mu ci akuya. A ƙarƙashin kilomitoci na ƙanƙara kuwa duhu ne ƙirin.

Amsar daga ƙasan tekunmu ta fito. A 1977 masu bincike a cikin ƙaramin jirgin nutso mai suna Alvin suka sauka zurfin kusan mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos. Suka tarar da maɓuɓɓugan ruwan zafi, kewaye da tsutsotsi da sauran halittu cunkus, a wurin da hasken rana bai taɓa isa ba. Tushen abincinsu ƙananan halittu ne masu samun makamashi daga sinadaran da ruwan zafin ke fitowa da su. A shekara ta 2000 aka sake gano wasu maɓuɓɓugan a tekun Atlantika, aka sa musu suna Lost City. Su ruwansu na kanwa ne, kuma yana ɗauke da haidurojin mai yawa. Yadda abin ke faruwa shi ne, ruwa yana ratsa dutse mai ɗauke da ƙarfe, ƙarfen ya ƙwace oksijin ɗin ruwan, kamar dai tsatsa, ya saki haidurojin.

Akwai ƙananan halittun da abincinsu ke nan. Suna haɗa haidurojin da kabon dayoksaid su fitar da methen da ruwa:

CO₂ + 4H₂ → CH₄ + 2H₂O

Ba baƙi ba ne a wurinmu. Danginsu ne ke cikin tumbin saniya, kuma su ne ke samar da gas a tankin bayogas da 'yan Agirik ke haɗawa da kashin shanu.

To a 2015 aka bayyana cewa Cassini ya tsinci ƙananan ƙwayoyin silika da suka fito daga Enseladas, irin waɗanda ke samuwa idan ruwa mai zafin aƙalla digiri 90 ya haɗu da dutse. A watan Oktoba na shekarar kumbon ya sauko har kilomita 49 daga saman watan ya ratsa feshin, kuma a Afrilun 2017 aka sanar da sakamakon: akwai iskar haidurojin, wajen kashi ɗaya cikin ɗari na feshin. Ke nan akwai alamar maɓuɓɓugan zafi a ƙasan tekun, kuma abincin da waɗancan halittu ke ci yana nan.

Yuropa nasa lissafin daban ne. Jupita tana yi wa samansa ruwan ƙwayoyin nukiliya masu ƙarfi, waɗanda ke farfasa ƙanƙara su samar da oksijin da haidurojin faroksaid, wannan dai da ake wanke ciwo da shi. Kumbon Galileo ya gano faroksaid ɗin a saman watan. In akwai haidurojin daga dutsen ƙasan tekun, ga kuma oksijin daga sama, an samu kai biyu na batir ke nan. Tambayar ita ce ko na saman yana iya ratsa ƙanƙarar ya isa ruwan. Akwai dalilin sa rai: saman Yuropa ba shi da ramukan faɗowar duwatsu da yawa, alamar ana sabunta shi, kuma akwai yankunan da ƙanƙarar ta farfashe ta sake haɗewa. A ɗaya daga cikinsu, mai suna Tara Regio, tabaron Hubble ya nuna alamar gishirin girki a 2019, a 2023 kuma aka bayyana cewa James Webb ya ga kabon dayoksaid. Yadda aka gane gishirin ya burge ni: farin gishiri ne aka saka a na'ura a lab aka yi masa irin dukan da yake sha a Yuropa, sai ya koma ruwan ɗorawa, launin da ya yi daidai da na yankin.

To me ya hana a ce an gano rayuwa?

Ka shiga kicin ka tarar da shinkafa, ga mai, ga ruwa, ga gawayi na ci a murhu. Za ka iya rantsuwa cewa ana iya girki a nan. Ba za ka iya rantsuwa cewa akwai mai girkin ba. Matsayin da ake ke nan. Masana suna cewa wurin zai iya ɗaukar rayuwa, ba su ce akwai ta ba.

Methen ɗin da aka gani, dutse da ruwan zafi kaɗai suna iya samar da shi ba tare da wani mai rai ba. Yawan haidurojin ɗin ma ana iya karanta shi ta fuska biyu. In abinci ya yi ta taruwa, wataƙila babu mai ci ne, ko kuma masu cin ba su da yawa. Sannan na'urorin Cassini an ƙera su tun kafin a san da feshin, ba don neman rayuwa aka yi su ba. Kama da wane dai ba ta wane ba ce.

Akwai kuma matsalar da duk ɗan lab ya sani, wato gurɓatar samfuri. A furojet ɗina sai da na sake gwajin wani samfuri gaba ɗaya, saboda ruwan kwatance da ya kamata ya fito ba komai shi ma ya nuna ƙwayoyin cuta. Kwalbar ce ba a tsabtace ta da kyau ba. Ka ɗauka irin wannan ta faru a Yuropa: kumbo ya faɗa can da ƙwayoyin halittar duniyarmu a jikinsa, bayan shekaru a je a "gano" su. Shi ya sa da Galileo ya kusa ƙare mai, aka tura shi da gangan ya ƙone a cikin Jupita a Satumban 2003. Cassini ma haka aka yi masa a Satun ranar 15 ga Satumba, 2017. An gwammace a halaka kumbon da hannu a kan a bar shi wata rana ya faɗa kan watan ya ɓata tekun.

Abin da ke tafe

Kumbo biyu suna kan hanya yanzu haka. Juice na hukumar sararin samaniya ta Turai ya tashi ranar 14 ga Afrilu, 2023, ana sa ran ya isa Jupita a 2031, daga baya ya koma kewaya Ganimid, wanda shi ma akwai hujjar yana da teku a ƙasa. Europa Clipper na NASA ya tashi ranar 14 ga Oktoba, 2024, zai yi tafiyar kilomita biliyan 2.9 ya isa a Afrilun 2030. Ba zai zauna kusa da Yuropa ba, don ƙwayoyin nukiliyar wurin za su lalata masa na'urori. Jupita zai riƙa kewayawa, yana wucewa ta gefen Yuropa har sau 49, wani lokaci a tazarar kilomita 25 kacal. Yana ɗauke da rada mai leƙa cikin ƙanƙara, da na'urar maganaɗisu da za ta taimaka a san zurfin tekun da yawan gishirinsa, da na'urorin tantance iska da ƙura waɗanda suka fi na Cassini kaifi nesa ba kusa ba. NASA da kanta ta faɗa ƙarara cewa ba neman rayuwa kumbon zai je yi ba. Zai je ya duba ne ko wurin ya cika sharuɗan ɗaukarta.

Don haka 'yan uwa, daga 2030 saƙonni irin wanda aka nuna mini a bakin lab za su ƙaru, kuma wasunmu lokacin muna koyarwa, wasu muna aiki a lab ɗin asibiti ko na hukumar ruwa, za a kawo mana waya a ce mu duba. Tambayoyin da ake yi wa sakamakon ruwan burtsatse su za ka yi wa saƙon: me aka auna, da wace na'ura, an yi gwajin kwatance, kuma akwai wani abin daban da zai iya ba da wannan sakamakon? In saƙon ya ce an samu ruwa, ko gishiri, ko sinadarin oganik, to yana iya zama gaskiya, tunda an riga an same su. In ya ce an samu rayuwa, ka nemi a nuna maka ma'aunin tukuna kafin ka tura wa wani.